Baƙon Da Na Ce Nawa Ne

A kasuwar hatsi ta Sabon Birni ba a ɗaukar baƙo aiki sai wani ya tsaya masa. Haka na tarar, haka kuma aka yi mini lokacin da ni ma nake ɗaukar buhu a ka, kafin Allah ya ba ni sito nawa na kaina. Tsayawar ba ta takarda ba ce. Maigida zai kama hannun baƙon ya kai shi rumfar dattawan kasuwa, ya ce, "Wanga nawa ne." Shi ke nan. Daga ranar, in baƙon ya yi abin kirki nasa ne, in ya yi ɓarna ta maigidan ce.

A da maganar ba ta da wani nauyi. Iyakar ɓarnar baƙo ya huda buhu ya ɗebi wake. Na sha faɗinta a kan 'yan ci-rani da ke tsallako iyaka daga Nijar bayan girbi, waɗanda har gobe kamiyo suke ce wa babbar mota. Na faɗe ta a kan Buzun da ke yi mini gadi. Amma tun da 'yan bindiga suka zauna a dajinmu, har mutanen Gatawa suka san hanyar gudu fiye da hanyar gona, maganar ta yi nauyin buhun dawa. Yanzu in ka ce mutum naka ne, rantsuwa ka yi cewa ba shi zai gaya wa na daji ranar da mota za ta tashi ba. In kuwa baƙon Bafulatani ne, ba mai son buɗe baki.

Ina da Bafulatani ɗaya a sitona. Kowa Baffa yake ce masa saboda furfurarsa. Tun farkon fitinar aka kore shanunsa, kuma waɗanda mutanen gari ke kira 'yan'uwansa ne suka kore su. Ya shigo gari da iyali da sanda, ba komai bayan haka. Na ba shi ɗinkin bakin buhu don aikin zaune ne. Ina tsokanarsa da cewa ga Bahillace ya rasa saniya ya koma kiwon buhu. Shi kuma ya ce gara buhu, ko ba komai ba ya shiga gonar Bagobiri irina. Shekaru muna haka, bai taɓa roƙona ko tiya ɗaya ta gero ba.

Wata ranar kasuwa cikin kaka, gero na ta shigowa a kan babura daga ƙauyuka, ina neman ƙarin hannu, sai wani saurayi ya yi sallama da hantsi. Bahaushe ne, Hausarsa ta cikin birnin Sakkwato. Ya ce aiki yake nema. Ya ce ya taɓa dako a kasuwar birni, ya iya karanta sikeli, ba shi da iyali, ko gobe zai iya farawa. Ya tambaya ko biyan na kullum ne ko na mako. Na tambaye shi wa ya sani a garin, ya ce ba kowa. Na ce to ya je ya samo mai tsaya masa ya dawo. Ya yi godiya ya wuce, ban ƙara tuna shi ba.

Bayan la'asar wani saurayin ya zo, sa'an na farko a shekaru da tsayi, amma Bafulatani. Ya taɓa dako a kasuwar birni, ya iya karanta sikeli, ba shi da iyali, ko gobe zai iya farawa, kuma biyan na kullum ne ko na mako? Sai na ji kamar an mayar mini da kaset baya. Na ce a raina, masu neman aiki ai bakinsu ɗaya. Da muka gaisa na ji tafin hannunsa da taushi, na tuna na farkon ma haka nasa yake. Na ce ƙila dakon birni da baro ake yinsa.

Ina shirin ba shi amsar da na ba wancan, sai Baffa ya ɗaga kai daga ɗinki ya gaishe shi da Fillanci. Yaron ya amsa yana tuntuɓe, irin Fillancin wanda ya tashi a birni. Baffa ya yi dariya, suka ɗan taɓa magana. Daga nan ya ajiye basilla ya zo ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce yaron ya zaga kasuwar nan kaf ba wanda ya ba shi ko tabarmar zama. Ya ce zai sauke shi a zaurensa, su ci abin da Allah ya hore.

"Alhaji, bakina ba shi saye a rumfa yanzu," in ji shi. "Naka za ka ara mini."

Ni ba na sayen hatsi sai na tura hannu har gindin buhu. Da haka na tashi daga ɗan dako na zama abin da na zama. Amma mutumin da bai taɓa roƙona ba ne ya tsuguna. Na kama hannun yaron na ce mu je. Ya fara nonnoƙewa, yana cewa a bari sai gobe, ba sai an wahalar da dattawa ba. Na ɗauka kunyar Fulani ce. Na ja shi har rumfa, na faɗi maganar. Babban dattijon ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya kalle ni. Na ce Baffa zai sauke shi, ni na tsaya. Ya ce sun ji.

Muka dawo aka zaga da shi sito, aka nuna masa inda mota ke tsayawa. Babban 'yan dakona ya ce wa yaron ya shirya, jibi akwai lodi. Baffa ya aika gida a ƙara tuwo, a share zaure. Yaron ya ce bari ya ɗauko jakarsa a tasha.

Bai dawo ba.

Washegari magana ta fara fitowa. Ashe ba ni kaɗai aka zo wa ba. Mai albasa da ke daura da ni, mai gidan burodi, mai buga bulo a bakin hanya, kowa samarin nan biyu sun je masa, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Har daga garin Isa aka kawo labarin an gan su. Kowa ya sallami Bafulatanin, ban da ni. Da yawa kuma sun ce wa Bahaushen ya zo gobe ya fara, ba tare da sun tambayi mai tsaya masa ba. Shi ma bai koma wa kowa ba. Amma ba wanda ya damu da shi. Da na ce to ai biyu ne suka ɓace, sai aka ce wancan wataƙila aikin da ya fi ya samu.

Ana cikin haka aka tare wata babbar mota a hanyar Isa, aka shiga daji da direban. Ba motata ba ce, kuma irin wannan an yi kafin yaron ya zo, an yi bayansa. Amma mutum mai jin tsoro ba ya barin abu biyu su zauna dabam. Baƙo ya zo, ya tambayi lokacin aiki, ya ga inda ake lodi, ya ɓace, an tare mota. Kalma ɗaya ta cika kasuwa: infoma, mai kai wa na daji labari. Aka ƙi karɓar niƙan matar Baffa a wurin inji. 'Yan dakon da suke cin kwano ɗaya da shi suka koma cin nasu a bayan sito.

Dattawa suka kira ni. Ba su ɗaga murya ba, kuma ban ga mugunta a fuskar kowa ba. Ɗayansu ƙanensa na hannun na daji a lokacin, ana ta neman yadda za a karɓo shi. Babban ya ce da bakina na ce yaron nawa ne, to in kawo nawa. In kasuwa ta zagayo ban kawo shi ba, Baffa zai bar kasuwar, tunda shi ya jawo shi. Ya ƙara da cewa bayan nan su ba za su iya ɗaukar alhakin abin da samarin sintiri za su yi ba. Na san abin da wannan ke nufi. Mutumin da aka kora daga kasuwa da wannan suna ba gari yake komawa ba, kuma daji ya riga ya cinye masa komai.

Na dawo na tarar da Baffa yana ɗinki. Na tambaye shi me suka ce da Fillanci ranar. Ya ce ba komai, asalinsa ya tambaya, yaron ya ce ubansa ya daɗe da sayar da shanu ya koma birni. Ya ce yaron ya gaishe shi yadda ake gaida uba. Na tambaye shi kai tsaye ko yana ganin infoma ne. Ya ce bai sani ba, da ya sani ko wace iri ce amsar, da abinci ya shiga cikinsa.

Ni ma ban sani ba. Abin da ya ƙi zama a kaina shi ne maganar nan iri ɗaya. In na daji ne suka aiko su, me ya sa za su aiko biyu da jawabi ɗaya kamar 'yan makaranta? Me kuma za su nema a gidan burodi?

Na hau mota zuwa Isa, don duk wanda zai koma Sakkwato daga wajenmu da wuya bai bi ta tashar nan ba. Na yi ta kwatance har wani ɗan kamasho ya haɗa ni da direban wata bas. Direban ya tuna su sarai. Ya ce ai tare suka shiga motarsa, suna raba rake suna dariya, su da wata mata mai tabarau da ta kama musu kujerar baya. Ya ce bai manta ta ba don ita ce fasinja ta farko a rayuwarsa da ta nemi ya rubuta mata rasit na kuɗin mota. Ya ce in waɗannan infoma ne, to na daji sun fara aiki da ofis. Yana da lambarta, don ita ta kira shi tun farko ya ajiye musu wuri.

Na tsaya a tashar nan kaina ya ƙara kullewa. Mutum biyu da suka zo mini kamar ba su san juna ba, ga su suna shan rake ɗaya. Na kira lambar. Mace ta ɗauka da sallama mai kyau. Da na faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni, sai ta ce in ina iya zuwa Sakkwato, gara mu yi maganar ido da ido.

A wani ofis na same ta cikin wata babbar makaranta, littattafai har kan kujera. Ba ta wuce shekarun babbar 'yata da yawa ba. Ta kira ni Baba, ta kawo ruwa, sannan ta yi bayani a hankali. Ta ce ita malamar tattalin arziki ce, kuma abin da take bincike shi ne ko baƙi da ƙananan ƙabilu na samun aiki kamar kowa, in sun samu kuma ko ana biyansu daidai. Samarin nan ɗalibanta ne. An zaɓo su sa'o'in juna, an koya musu jawabi ɗaya, don kada a bar wani bambanci tsakaninsu sai na ƙabila. In aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya, an san dalili. Ta ce a wasu ƙasashe takardar neman aiki ake aikawa, a canza suna kawai. Mu kuwa ba ma ɗaukar ɗan dako da takarda, shi ya sa ta aika mutane.

Na ce to me ya hana ta zo ta tambaye mu kamar yadda ake yi tsakanin Musulmi.

"Baba, da na zo rumfarku na ce kuna hana Bafulatani aiki, me za ku ce mini?"

"Za mu ce duk 'yan Adam ne."

"To ka gani."

Na buɗe baki za ni yi faɗa, sai na tuna wani abu. Shekara da shekaru, in za ni sayen gero a kasuwar Bafarawa, ba na fara shiga da kaina. Masu hatsi na ganin hulata farashi ya tashi. Sai in tura wani da ba a sani ba, da tsohuwar riga, ya zaga ya taya, ya ji gaskiyar kasuwa, ya ce zai dawo, ba kuwa zai dawo ba. Ina ma alfahari da wannan dabara, na koya wa mutane da yawa. Na gaya mata. Ta yi murmushi ta ce to ai aikinmu ɗaya. Na zauna ina jujjuya abin. Na zo da fushin kwana da kwanaki, ga shi an miƙo mini dabarata a faranti.

Abin da na iya cewa kawai shi ne, gero in an taya an bari, ba a korarsa daga kasuwa. Na ba ta labarin rumfa, da motar da aka tare, da inji, da wa'adin da aka ba ni. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce an gargaɗi samarin kada su karɓi aiki, kada su bari a kai su ko'ina, su yi godiya su fita. Ba wanda ya gaya mata akwai wata rumfa da ake kai mutum a rantse a kansa. Ta ce yaron ya dawo ranar jikinsa a sanyaye, ya ce wani dattijo ya sa an share masa zaure, yana so ya koma ya ba shi haƙuri. Ita ta hana, don kada asirin aikin ya tonu.

Sai kuma ta ce akwai abin da ya daɗe yana damunta game da sitona. Ta ce ni ne na juya abin: na mayar da Bahaushe, na ɗauki Bafulatani. Tana so ta san dalili. Na ce ni ban ƙi Bahaushe ba, ban zaɓi Bafulatani ba. Ɗaya na da mai roƙa masa, ɗaya babu, al'adar ke nan. Ta ce amma maƙwabtana sun ce wa Bahaushen ya zo gobe ba tare da kowa ya tsaya masa ba, to al'adar a kan wa take aiki? Ta kuma tambaya, da Baffa ba ya wurin fa? Na ce da amsar farko za ni ba shi. Ta ce, da kuma Bahaushen ya dawo washegari shi kaɗai, ga mota na jiran lodi? Har yau ban san amsar ba. Ina ganin kamar na sani, sai in auna ta in ga ba ta cika tiya ba.

Na ce duk wannan ba shi ya kawo ni ba. Ta ba ni yaron in kai shi rumfa, su gan shi da idonsu.

"Ba zan ba ka shi ba, Baba. Ɗan wani ne. Kai da kanka ka ce sunan da suke kiransa da shi."

Raina ya ɓaci, na ce shi Baffa ba uban wani ba ne? Amma ina faɗa ina hango hanyar nan, da samarin sintiri a bakin gari, da yaron a tsakiyarsu da Fillancinsa na birni. Ni ma da ɗana ne ba za ni kai shi ba. Ta ce in ta fito ta yi bayani a fili, sauran aikinta a yankinmu ya lalace, kuma waɗanda suka ɗauki nauyinsa ba za su ji daɗi ba. Ta mayar da tabarau. Ta ce za ta zo da kanta, kuma za ta zo da ɗayan, wanda ba a nema.

Ranar kasuwa suka iso. Ta zauna a gefen tabarma cikin babban hijabi, saurayin Bahaushen na tsugune kusa da ita. Rumfa ta cika har waje. Mai albasa na ganinsa ya nuna shi da yatsa, ya ce wannan ne ya sa ya mayar da wani ɗan Nijar don ya ajiye masa wuri. Ta yi bayaninta kamar yadda ta yi mini. Da ta gama, babban dattijon ya daɗe yana shafa gemu.

"Malama, bari in gane. Biyansu kika yi su nemi aikin da ba su so?"

Ta ce haka ne.

"A garin da masu so sunka cika tasha?"

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Wani ya ce yaushe aka san ita ma ba aiko ta aka yi ba. Sai dattijon ya ce wa saurayin ya maimaita abin da ya faɗa wa mutane ranar. Ya fara: ya taɓa dako a kasuwar birni, ya iya karanta sikeli. Kafin ya kai ƙarshe mai gidan burodi ya karɓe, ya ce ba shi da iyali, ko gobe zai iya farawa. Mai bulo ya ƙarasa da tambayar biyan kullum ko na mako, ya ce wallahi haka Bahillacen ma ya ce masa, ko wasali bai canza ba. Wannan ya yi aikin da bayaninta bai yi ba. Kowa ya ji da kunnensa cewa karatu ɗaya aka biya wa su biyun.

Wani daga baya ya tambaya, to me binciken ya gano. Ta ce ba a gama ba, amma abin da ya faru a kasuwar nan ba sai ta faɗa ba, kowa ya san wanda ya ce wa ya dawo gobe da wanda ya ce wa Allah ya ba da sa'a. Dattijon da ƙanensa ke daji ya ce, a hankali, ita ba a ɗauke mata kowa ba. Ta ce gaskiya ne.

Hukunci ya fito: Baffa ba shi da laifi, ya ci gaba da aikinsa, kuma a gaya wa mai inji. Na ji kamar an sauke mini buhu. Amma dattijon bai gama ba. Ya ce tunda yanzu har mai neman aiki na iya zama na ƙarya, daga yau baki ɗaya ba ya isa. Kowane baƙo, ko daga ina, sai mutum biyu masu sito ko rumfa sun tsaya masa. Na kalli malamar. Ta zo auna ƙofa ne, ga shi ta bar ta ta fi da ƙunci. Ita ma ta gane, na gani a fuskarta.

Baffa ba ya rumfar, don ba a zaunar da shi a can. Ta ce in kai ta wurinsa. Ta durƙusa a gaban buhunan ta ba shi haƙuri. Ya saurara basilla na hannunsa. Tambaya biyu ya yi mata: yaron Pullo ne da gaske, wato Bafulatani, kuma da gaske karatu yake? Ta ce duka gaskiya ne, tattalin arziki yake karanta. Ya juyo ya tambaye ni mene ne shi. Na ce, iya fahimtata, neman dalilin da ya sa wani ke da shi wani babu. Ya gyaɗa kai, ya ce to yaron ya samu aiki mai daɗewa.

"Ki gaya mishi," in ji shi, "tuwon da anka ƙara dominsa, yara sun gode."

Ranin nan 'yan ci-rani da yawa suka juya. Mutumin da ya saba zuwa daga Nijar yana da maigida ɗaya, ba biyu ba, kuma ba mai son tsaya wa baƙon wani. 'Yan dakon gari suka ga hannu ya yi ƙaranci, suka ɗaga ladansu, suna ta sa wa malamar albarka ba su san sunanta ba. Mu masu kaya muka biya, mota na kwana ba a gama lodi ba. Bayan wani lokaci ta kira ni ta tambayi lafiyar Baffa, sannan cikin jin nauyi ta tambaya ko ladan dako ya motsa tun da baƙi suka ragu. Na ce ya motsa. Ta ce wannan ma abin bincike ne. Na rasa ko dariya za ni yi. Na tambaye ta a wane ɓangare ta sa ni, cikin masu nuna bambanci ko marasa nunawa. Ta ce nawa bai shiga ko ɗaya ba, gefe ta ajiye shi.

Kaka ta sake zagayowa. Wata rana da hantsi wani saurayi Bafulatani ya tsaya a ƙofar sito. Bai yi wani jawabi ba, ya ce aiki yake so, ko wane iri. Na ba shi hannu, na ji tafinsa kamar bayan kaskon tuya, dugadugansa duk kaushi. Duk da haka na tsinci kaina ina leƙa bayansa, ko akwai wani na biyu da zai zo da yamma. Na tambaye shi wa ya sani a garin, ya ce ba kowa. Na kalli Baffa. Bai ɗaga kai ba, ɗinkinsa kawai yake yi.

Na ce wa yaron ya zauna a inuwa, na sa aka ba shi ruwa. Ni baki ɗaya ne, ana neman biyu. Na tsallaka wurin mai albasa na gaya masa. Ya ja ni da hirar tsadar buhu, da ciwon ƙafarsa, daga ƙarshe ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani zuwa kasuwa mai zuwa. Na leƙa wurin wani, aka ce ya tafi Isa.

Da na dawo inuwar ba kowa, sai kofin ruwan. Baffa ya ce yaron ya yi wajen tasha, kuma ba shi da jaka. Na tambaye shi me ya hana shi ko gaishe shi da Fillanci, ya tsayar da shi har in dawo.

"Na ari bakinka sau ɗaya, Alhaji," in ji shi.

Ya ja zaren ya ƙulle, ya ture buhun gefe, ya jawo na gaba.